Nauyin Mai Bishara a Wuyan Ikkilisiyar da Ta Aike Shi

A yawancin majami'unmu na Arewa, sau ɗaya ake tunawa da masu aikin bishara a shekara. Akan keɓe mako guda, a gayyato ɗaya daga cikinsu ya hau mumbari ranar Lahadi ya ba da labarin inda yake aiki, Zumuntar Mata su tashi da waƙa, a zagaya da kwanon baiko na musamman, a yi masa addu'a, a sallame shi da kuɗin mota. Babu laifi a cikin wannan, kuma masu bayarwa da zuciya ɗaya suke bayarwa. Damuwar ita ce, mutumin da aka tara kuɗin dominsa watanni goma sha biyu ne a shekararsa kamar kowa. Yana bukatar abinci a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai nuna ba. 'Ya'yansa suna komawa makaranta a Satumba. Matarsa tana haihuwa ranar da Allah ya nufa, ba ta jiran makon bishara ya zagayo. Don haka tambayar da ta kamata dattawan kowace ikkilisiya su zauna a kanta ta wuce nawa za a tara ranar Lahadi guda. Wa muka aika, kuma wa ke ɗauke da nauyinsa daga ranar da ya fita har ranar da zai dawo?

Inda na tsaya shi ne, mai bishara ɗan gida ne da aka aika, aike kuwa ba ya yanke zumunci, ƙara masa nauyi yake yi. Hukumar mishan tana da nata aikin. Ita ke tantance ma'aikata, ta raba musu wurare, ta sa musu ido. Amma ofishin da ke Jos ko Numan ko Kwarhi yana kula da iyalai masu yawa a lokaci guda, ba zai san cewa autar wane tana fama da sikila ba, ko iskar farkon damina ta yaye rufin ɗakin wane. Ikkilisiyar da mutum ya tashi a cikinta, wadda ta yi masa baftisma, ta ɗaura masa aure, ita ce za ta iya sanin wannan. A al'adarmu babu dangin da ke kai 'yarsu ɗakin miji su juya baya ke nan. Akan bi ta da gara, a leƙa ta bayan kwana biyu, a je mata in ta haihu, a saurare ta in tana da kuka. Haka ya kamata ikkilisiya ta riƙi wanda ta ɗora wa hannu ta sallama.

Tarihin Kiristancin ƙasar nan ya nuna haka tun daga tushe. A Disamba 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shiga ƙasashen da Turawa ke kira Sudan a wancan zamani. A cikin 1894 biyu suka rasu, Gowans a Girku, Kent a Bida, Bingham kuma ya koma gida bayan ya sha fama da zazzaɓi. Sai a 1902 ƙungiyar tasu, wadda aka sani da SIM, ta iya kafa tasha ta farko a Patigi. Akan ba da wannan labari don a yaba wa waɗanda suka tafi, amma akwai wadda ba ta je ko'ina ba, wato mahaifiyar Gowans a birnin Toronto. Ita ce ta zaunar da Bingham a gidanta ta sa masa damuwar wannan ƙasa a zuciya, kuma bayan an kawo mata labarin mutuwar ɗanta ba ta janye ba, ta ci gaba da tsayawa bayan aikin da addu'a. Da babu irinta a gida, da wuya aikin ya tsallake waɗancan shekaru tara na jana'iza da komawa hannu wofi.

Turawan mishan kuwa ba su taɓa yin yawa ba. Karl Kumm da mutanensa na SUM sun sauka Wase a 1904. Mishan na ikkilisiyar 'Yan'uwa sun fara a Garkida a 1923. Likita Walter Miller ya zauna Zariya, ya yi wa fassara hidima har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Amma masu bin ƙauyuka da ƙafa da keke, suna kwana a zaurukan mutane, 'yan ƙasa ne. A 1948 ikkilisiyoyin da suka fito daga aikin SIM suka kafa nasu reshen aika masu bishara, wanda yau ake kira EMS. A dubi shekarar da kyau, domin ita kanta ECWA, ƙungiyar waɗannan ikkilisiyoyi, sai a 1954 aka kafa ta. Wato iyayenmu sun tsara yadda za su aiki 'ya'yansu shekara shida kafin su tsara yadda za su shugabanci kansu. Manoma ne, majami'unsu na laka da jinka, kuɗi ba ya shiga hannunsu sai an sayar da gyaɗa ko auduga ko citta. A zamanin Rabaran Panya Baba, wanda ya riƙe EMS daga 1970 zuwa 1988, aikin ya bunƙasa har ya tsallaka iyakokin Nijeriya, a 1975 kuma wasu matasa 'yan boko suka fara CAPRO a Zariya ba tare da wata uwar ƙungiya a Turai ba. Duk ikkilisiyar da ke ganin talauci ne ya hana ta motsi, ta tuna abin da ke hannun mutanen 1948.

Tsarin ma a rubuce yake a Littafin Ayyukan Manzanni. A sura ta 13 an ambaci shugabanni biyar a ikkilisiyar Antakiya, daga cikinsu aka keɓe Barnaba da Shawulu, wato Bulus, da azumi da addu'a da ɗora hannu. A ƙarshen sura ta 14 sun dawo Antakiyar nan, aka tara jama'a suka ba da labarin duk abin da ya faru, suka kuma daɗe a gida kafin wata tafiyar. Ikkilisiyar Filibi kuwa ta aika wa Bulus gudummawa fiye da sau ɗaya tun yana Tasalonika, da yana tsare kuma ta haɗa kyautarta da mutum, Abafaroditas, wanda ya yi ciwo a wannan hidima har ya kusa mutuwa. Mutum ya fita daga gida, guzuri ya bi shi a kai a kai, wani ya je ya gan shi da ido, shi ma ya dawo ya faɗi yadda ake ciki.

Antakiya ba ta aiki wanda ta rasa yadda za ta yi da shi ba, na gaba-gabanta ta bayar. Wannan magana tana da nauyi a yau, domin rashin aikin yi ya yi yawa, kuma ba abin mamaki ba ne saurayi ya ga aikin bishara ƙofa ce da ta rage a buɗe. Dattawa ne suka san shi tun yana makarantar Lahadi. Su ne za su iya cewa ko yana riƙe amana, ko yana jin magana, ko ya iya zama da mutane ba tare da faɗa ba, ko zai iya kama fartanya in ta kama. Takardar shaidar da fasto zai sa wa hannu don kunyar iyayen yaro, wani ƙauye ne can nesa zai ɗanɗana kuɗarta. In kuwa an ga kiran na gaske ne, sai a ɗauki nauyin karatunsa a makarantar Baibul, ko Kagoro ce ko Gindiri ko wadda ikkilisiyarsu ta yarda da ita, a kuma taimake shi ya koyi wata sana'ar da za ta amfani inda zai je, kamar kiwon lafiya matakin farko, ko koyarwa, ko allurar dabbobi, ko gyaran famfon tuƙa-tuƙa. Sai harshe. Hausa tana kai mutum nesa, tana kai shi kasuwa da fada, amma Bafulatanar da ke ruga da Fulfulde take tunani, haka Bakambare da Babarbare da Bazabarme, kowa da harshen da uwarsa ta yi masa rarrashi. Wanda zai tsallaka Maraɗi ko Damagaram kuma sai ya san Faransancin da zai shiga ofis da shi. Shekarar koyon harshe takan yi kama da zaman banza a idon masu aiko da kuɗi, amma ita ce shekarar da ta fi bukatar haƙurinsu.

Maganar kuɗi kuwa, abin da ya fi yawa daraja shi ne zuwa a kan kari. Naira kaɗan da ke shigowa ƙarshen kowane wata ta fi tarin da ke zuwa sau ɗaya a shekara, domin da ita ce uwargida ke iya tsara cefane, maigida ya iya karɓar bashi a shago ya san ranar biya. Mai bisharar da ya ci bashin ƙauye ya kasa biya ya zubar da mutuncin wa'azinsa, ko da bakinsa ya fi na kowa daɗi. Hanyar da na ga ta fi tsayawa ita ce a sa aikin bishara cikin kasafin shekara tun a Janairu, a yanke kason da za a cire daga zakka da baikon kowane wata kafin a taɓa su don wani abu, baikon makon bishara ya zama ƙari a kai. Lissafin ba mai wuya ba ne. Ikkilisiya mai gidaje 100, in kowane gida ya yi alkawarin naira 1,000 a wata, an sami naira 100,000 ke nan, wanda ya zarce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da gwamnatin tarayya ta amince da shi a Yuli 2024. Inda ikkilisiya ba ta kai haka ba, biyu ko uku na gunduma ɗaya su haɗu su riƙi iyali guda. A kuma riƙa sake duba adadin kowace shekara. Kafin 29 ga Mayu 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Wanda ke zagaya ƙauyuka huɗu ko biyar a kan babur, in har yanzu alawus ɗin 2022 ake aika masa, to an rage masa albashi ne ba tare da an gaya masa ba.

Ikkilisiyar karkara tana da abin da ta birni ba ta da shi. Lokacin kaka, ranar baikon godiya, in aka shimfiɗa tabarma a gaban majami'a kowane gida ya zuba tiya biyu ta masara ko dawa, kafin a tashi an ɗinke buhuna. Zumuntar Mata, waɗanda tun da can su ne ƙashin bayan wannan aiki, sun san abin da maza ke mantawa: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, man gyaɗa, sabulu, gishiri, turmin atamfa, takalman yara daidai ƙafarsu. Matasa na iya noma gona guda da sunan aikin bishara, a yi mata gayya sau uku a damina. Akwai kuma abin da lokacinsa ya fi shi kansa muhimmanci, wato taki da iri. Buhun takin da ya isa hannun mai bishara a Mayu abincin shekara ne, wanda ya isa a Agusta kuwa ya makara. Wasu na ganin bai dace ma'aikacin Ubangiji ya yi noma ba. Ban yarda da su ba. Bulus ya yi ɗinkin tanti a Koranti tare da Akila da matarsa, kuma a ƙauye ba a ganin girman namijin da ba ya zuwa gona. Abin da bai dace ba shi ne ikkilisiya ta fake da gonarsa ta daina aika masa abin da ta alkawarta, har noma ya cinye lokacin da aka aike shi ya yi wani aikin.

Kuɗin bishara amana ne, kuma a nan ne ikkilisiyoyi da yawa ke tuntuɓe. Ginin majami'a ya tsaya a linta, ko janareto ya lalace ana gab da Kirsimeti, sai a ce a ranto daga asusun bishara za a mayar. Sau da yawa ba a mayarwa, domin mai haƙƙin yana nesa, ba ya cikin taron da aka yanke shawarar. Ba na ƙin gini mai kyau, amma ikkilisiyar da ta shimfiɗa tayil alhali wanda ta aika yana bin ta albashin wata huɗu ta sa abin baya a gaba. Maganin shi ne asusu dabam, sa hannun mutum biyu ko uku, da karanta rahoto a gaban jama'a duk bayan wata uku: ga abin da ya shigo, ga abin da ya fita, ga ranar da ya isa. A wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korantiyawa, sura ta 8, Bulus kansa bai yarda ya riƙe gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, sai da aka haɗa da Titus da wani ɗan'uwa da ikkilisiyoyi suka zaɓa, don kada a sami abin zargi. Shawarata ita ce albashi ya bi ta hannun hukumar mishan, kyautai na musamman kuma in za a miƙa kai tsaye a sanar da mai kula da yankin. In ba haka ba sai a sami ma'aikata biyu a ƙasa ɗaya, ɗaya yana da attajirai uku a bayansa, ɗaya ba shi da kowa, zumuncinsu ya lalace.

A ganina abin da ya fi dawo da masu bishara gida kafin lokaci shi ne karatun 'ya'yansu. Mutum na iya jure yunwa da sauro da ruwan tafki don ya ji kira, amma in ya dubi ɗansa mai shekara tara da bai iya haɗa baƙi ba, saboda makaranta mafi kusa sai an tsallaka rafi biyu, zuciyarsa takan karye. Yaron nan bai ji wani kira ba, an haife shi ne kawai a gidan da aka aika. Hukumomin mishan suna da 'yan makarantu da ɗakunan kwana don irin waɗannan yara, amma ba su isa ba. Mu kuwa muna da al'adar riƙo. Gida mai mutunci a cikin ikkilisiya ya karɓi yaro ɗaya lokacin karatu, ikkilisiya ta biya kuɗin makaranta da littattafai, dattijuwa guda daga Zumuntar Mata ta riƙa leƙawa don a tabbatar ɗa aka riƙa, ba a mai da shi ɗan aike ba. Makarantun da ikkilisiyoyi suka mallaka kuma su keɓe gurabe kyauta. Wannan kaɗai zai tsayar da iyalai da yawa a bakin aikinsu.

Sai uwargida, wadda sau da yawa sunanta ba ya cikin takardar aike. Ita ke ɗebo ruwa, ita ke shiga gidajen da namiji ba ya shiga, ita ake tasa da tsakar dare in maƙwabciya tana naƙuda, ita ke dafa wa baƙin da ba su yi sallama da zuwansu ba. Kafin a aika iyali, mata su zauna da ita su kaɗai su ji ko da yardarta za a tafi. Bayan an tafi kuma a sami wadda za ta riƙa kiranta ita kanta, a tambaye ta lafiyarta, domin akwai abin da ba za ta faɗa ta wayar mijinta ba. Rashin lafiya ma a yi masa tanadi tun bai zo ba. Saran maciji a gona, haihuwar da ta zo da gardama, zazzaɓin da ya hau kan yaro cikin dare, babu ɗayansu da ke jiran dattawa su kira taro. A ajiye wani abu a gefe wanda fasto da ma'aji za su iya fitarwa a cikin awa guda.

Zumunta a ƙafa take. Waya tana da amfani, ɗan ƙaramin faifan sola na cajin waya da fitila ma kyauta ce mai daraja, amma babu abin da ya kai a ga fasto da dattijo da mata biyu sun sauko daga mota da ƙura a jikinsu, sun kwana a gidan. A nan ne za a ga abin da kunya ta hana shi rubutawa: bangon da ya tsage, tayar babur da ta suɗe, yadda matar ta rame. Mutanen gari ma za su san baƙon nasu yana da dangi. Sai dai ziyara tana da ladabinta. A tafi da abincin da za a ci har a bar saura. A fara da gaisuwa a ƙofar mai gari. Kada a shiga da jerin motoci da lasifika da ɗaukar hoton kowa, a tayar da ƙurar da mai bishara zai shekara yana kwantarwa. Ya fi kyau a tambaye shi wa yake bukata, ko ma'aikaciyar jinya ce ta kwana uku, ko magini da rani, ko ɗalibai masu hutu da za su koya wa yara karatu. Addu'a kuma takan canza bayan irin wannan tafiya. Wanda ya kwana a gidan ba zai ƙara cewa Allah ya taimaki masu bishara a dunƙule ba, zai kira sunan mutum da na matarsa da na yaron da ke tari.

Ikkilisiya tana da haƙƙin jin rahoto, amma ta kula da irin tambayar da take yi. In kullum abin da ake so a ji shi ne mutum nawa suka tuba, mutum nawa aka yi wa baftisma, to ana tura mai gaskiya ya ji kunya, ana koya wa mai rauni ƙari a lissafi. Akwai wurin da shekara biyar za ta wuce ba a ga komai a fili ba sai amincin da aka gina. A tambaye shi su wa yake ziyarta, me yake koyarwa, ina harshe ya kai, wa yake horarwa ya gaje shi, me ya fi ba shi wuya.

Zamanin nan ya ƙara wani nauyin da iyayenmu ba su sani ba kamar haka. A Oktoba 2014 'yan Boko Haram suka mamaye hedkwatar ikkilisiyar EYN a Kwarhi. A Janairu 2015 aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai. Yau masu garkuwa da mutane sun addabi ƙauyukan Zamfara da Katsina da Neja da Kaduna, ba su bar Musulmi ba, ba su bar Kirista ba. Ikkilisiyar da ke ƙaunar wanda ta aika za ta koyi kame baki. Sunan ƙauyensa, hoton gidansa, ranar da za a kai masa kuɗi, fuskokin sababbin masu bi, babu ɗayansu da ya kamata ya hau Facebook ko ya zagaya a WhatsApp. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun ana zaune lafiya a shirya da hukumar mishan wa zai yi magana in wani abu ya faru, ina iyali za su sauka in an gudo. In kuma mai bishara ya ce wuri ya ɓaci zai fitar da iyalinsa, a karɓe shi hannu biyu. Wanda ke kwana a cikin gari bayan katanga ba shi da bakin ce wa wani ya tsaya. In ta Allah ta kasance, gwauruwar da marayun na ikkilisiya ne, da wurin zama da jari da makaranta har su kammala, ba ta'aziyyar mako guda ba.

Mai ba da kuɗi yana da alhakin yadda ake aikin da kuɗinsa. Sashe na 38 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin riƙe addininsa da canza shi da yaɗa shi, wannan sashen kuma shi ne ya hana a tilasta wa ɗalibi koyon addinin da ba nasa ba wanda iyayensa ba su yarda da shi ba. Bishara miƙa ta ake yi, mai so ya karɓa, wanda bai so ba ya ci gaba da zama maƙwabci. Kada ikkilisiya ta yarda a sayi tuba da buhun shinkafa, ko a ɗauke yaro ba da sanin iyayensa ba, ko a zagi abin da wani ke girmamawa. Rijiyar da aka haƙa da kuɗin baiko kowa ya sha, ba tare da an tambaye shi inda yake sujada ba. Asibitin ido na ECWA a Kano tun 1943 yake aiki, asibitin Galmi a jihar Tawa tun 1950, kuma mafi yawan masu zuwa Musulmi ne. Sun daɗe ne domin ba a sa wa magani sharaɗi ba. Mai bisharar kirki yana zuwa suna da ta'aziyya, yana gaida liman da mai unguwa, ana kiransa in za a gyara hanya. Idan kuma wani baligi ya ba da gaskiya da son ransa har ya rasa wurin zama a dalilin haka, ikkilisiyar da ta aika a yi masa wa'azi ta shirya masa ɗaki da sana'a, ta kuma ƙarfafa shi ya ci gaba da girmama iyayensa da neman shiri da su.

Tallafin nan kuma da ranar ƙarewarsa a kowane wuri. Henry Venn, wanda ya yi sakataren ƙungiyar mishan ta CMS daga 1841 zuwa 1872, ya koyar da cewa ikkilisiyar da aka dasa sai ta kai ga ciyar da kanta, da shugabantar kanta, da aika nata mutanen. SIM ta bi wannan hanya har ta miƙa wa ECWA ragamar ayyukanta a 1976. Saboda haka kada a je a gina wa masu bi goma sha biyu ginin da ba za su iya gyara tagarsa ba. Su buga tubalinsu, su ɗora gininsu, ikkilisiyar gida ta kawo kwanon rufi da ƙusa. A koya musu baiko tun Lahadin farko, ko da ƙwai ne ko damin dawa. Ranar da suka iya riƙe nasu fasto, mai bishara ya matsa gaba, tallafin ya bi shi.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne tsufan waɗannan bayin Allah. Mutum ya ba da shekara talatin a ƙauyukan da ba nasa ba, ya dawo da furfura ya tarar tsararrakinsa sun yi gidaje, gonar gado an raba, yaran da ke jagorantar sujada ba su san sunansa ba. Ɗan abin da hukuma ke ba shi na sallama ba ya sayen fili. Wannan bashi ne a wuyan ikkilisiyar da ta aike shi, kuma tun yana da ƙarfinsa ake fara biya: a riƙa zuba masa wani abu na fansho kowane wata, a nema masa fuloti, a aza ɗaki biyu sannu a hankali, a tabbatar yana samun hutun shekara ya zo gida ya huta, ba a cika masa hutun da wa'azi daga wannan majami'a zuwa waccan ba.

Ina roƙon fastoci da dattawa, a taronku na gaba ku ce wa ma'aji ya buɗe littafi ya karanta abin da ya fita don aikin bishara a watanni goma sha biyun da suka wuce, a ajiye shi kusa da abin da ya tafi gini da biki. Sa'an nan ku rubuta wa hukumar mishan ta ikkilisiyarku ku nemi sunan iyali guda da ba su da mai tallafa musu, ku yanke abin da za ku riƙa aikawa kowane wata, ku sa ranar da za ku je ku gan su kafin ruwa ya sauka.